Tsofaffin labaran tafiya sararin samaniya: a saya wa yaro ko a bar su?

Tambaya: Ɗana yana da shekara 12, ba shi da hira sai ta taurari da kumbo. Wani mai sayar da littattafan gwanjo ya nuna mini waɗansu ƙagaggun labarai na Turanci a kan tafiya sararin samaniya, waɗanda aka buga tun shekarun 1950. Yayana ya ce ɓarnar kuɗi ce, wai kimiyyar da ke cikinsu ta tsufa, ƙarya kawai za su cusa wa yaro. In saya ko in bari? Idan zan saya, da wanne zai fara, kuma me zan kiyaye?

Amsa: Malama, Allah ya raya shi, ya yi masa albarka. Ki saya. Yayanki ya faɗi gaskiya game da kimiyyar, amma hukuncin da ya yanke a kanta ne ban yarda da shi ba. Zan yi miki bayani a tsanake domin ki san abin da za ki ɗora wa yaro a hannu.

Waɗannan littattafai suna da zamaninsu, daga 1947 zuwa farkon shekarun 1960, kuma mafi yawansu daga Amurka suka fito. Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945 bayan mutane sun ga abubuwa biyu da a da ake ɗauka tatsuniya ce: rokar V-2 ta Jamus wadda ke yin sama sosai kafin ta faɗo a kan Landan, da bam ɗin nukiliya da aka jefa a Hiroshima da Nagasaki. Daga nan aka daina yi wa mai cewa mutum zai taka wata kallon mahaukaci. A da, mujallu masu arha ne ke buga irin waɗannan labarai a kan takarda marar kyau, iyaye da malamai kuwa suna ƙyamar su. Bayan yaƙin sai manyan maɗaba'u suka lura ɗakunan karatu na makarantu da na gari suna neman abin da zai riƙe matasa, sai suka koma neman marubutan mujallun nan su rubuta musu littattafai masu kauri da bango mai ƙarfi.

Wanda ya fi kowa suna a wannan fage shi ne Robert Heinlein. An haife shi a 1907, ya yi karatu a makarantar sojan ruwa ta Annapolis, ya fito hafsa a 1929, tarin fuka ya raba shi da aikin a 1934. Daga 1947 zuwa 1958 ya riƙa ba maɗaba'ar Scribner littafi ɗaya kowace shekara, guda 12 ke nan. Idan mai gwanjon nan yana da irin waɗannan littattafai, da wuya ba a samu nasa a ciki ba. Akwai kuma Isaac Asimov, wanda ya rubuta littattafai 6 na jarumi Lucky Starr daga 1952 zuwa 1958 da sunan aro Paul French. Akwai Andre Norton, akwai Arthur Clarke ɗan Ingila, sannan akwai jerin littattafan maɗaba'ar Winston da ta fara fitarwa a 1952. Duk waɗannan mutane sun fara rubutunsu ne kafin Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko, ranar 4 ga Oktoba 1957. Wato ba su da hoton kusa na kowace duniya, sai abin da na'urar hangen nesa ta nuna daga ƙasa.

To, mu zo kan maganar yayanki, domin tana da nauyi. A littafin Heinlein mai suna Red Planet na 1949, duniyar Mars tana da manyan magudanan ruwa da tsofaffin halittu masu hikima suka haƙa, yara suna zamiya a kan ƙanƙararsu. Wannan tunani ya samo asali ne daga masanin taurari Percival Lowell, wanda tun ƙarshen ƙarni na 19 ya dage cewa yana ganin layukan magudanai a Mars. A watan Yuli 1965 kumbon Mariner 4 ya wuce ta kusa da ita, ya aiko da hotuna, sai ga busasshiyar ƙasa mai ramuka, babu magudana ko ɗaya, iskarta kuwa ba ta kai kashi 1 cikin 100 na kaurin tamu ba. Haka Zara, wadda muke gani tana haske kusa da wata, Turawa suke kira Venus. Da yake gajimare ya lulluɓe ta, marubuta sun zaci fadama ce ko teku. Asimov ya rubuta littafi guda a 1954 a kan biranen da ke ƙarƙashin tekunta. A Disamba 1962 Mariner 2 ya nuna cewa wuta ce, yau kuma mun san zafin doronta ya haura digiri 460, zafin da ke narkar da dalma. Duniyar Makyuri ma an daɗe ana koyar da cewa fuska ɗaya kawai take juya wa rana, Asimov ya gina labarinsa na 1956 a kan haka, sai a 1965 aka auna da na'urar rada aka ga tana juyawa sau ɗaya a kusan kwana 59.

Asimov da kansa, da aka zo sake buga littattafan, ya rubuta gajeriyar gabatarwa yana gaya wa mai karatu abin da kimiyya ta gano bayan ya gama rubutu. Idan kika sami bugun da ke da wannan gabatarwa, shi za ki ɗauka.

Yanzu ga dalilin da ya sa na ce hukuncin bai daidaita ba. A 1865 Jules Verne, Bafaranshe, ya rubuta labarin mutum 3 da aka harba zuwa wata daga cikin wata ƙatuwar igwa da aka haƙa a Fulorida. Wani yaro mai suna Hermann Oberth, wanda aka haifa a 1894, ya karanta shi yana ɗan shekara 11 har ya kusa haddace shi. Sai ya zauna yana lissafi. Domin abu ya kuɓuce wa jan duniya yana bukatar gudun kilomita 11 a daƙiƙa ɗaya. Idan za a kai wannan gudu a cikin tsawon bakin igwa, nauyin da zai danne mutanen ciki ya ninka nauyin jikinsu sau dubbai, ko ƙashi ba zai saura ba. Yaron ya gane igwa ba za ta yi ba, sai dai abin da ke ƙara gudu a hankali yana tafe da mansa, wato roka. A 1923 ya wallafa littafinsa a kan roka, kuma shi ya horar da Wernher von Braun, mutumin da ya jagoranci ƙera rokar Saturn V wadda ta kai mutane wata a 1969. Kuskuren Verne bai ɓata Oberth ba. Labarin ya sa shi son abin, son abin ya sa shi bincike, binciken ya kama kuskuren.

Yaro ɗan shekara 12 da ya riga ya damu da taurari ba zai daɗe yana zaton akwai teku a Zara ba. Zai zo miki da gardama, ya ce ai littafin nan ya yi kuskure. Ranar da ya faɗi haka, ki tambaye shi yaya aka yi aka gane, wa ya gane, da wace na'ura. A makaranta ana ba yara kimiyya kamar abin da aka gama, a haddace a zuba a jarrabawa. Tsohon littafi kuwa yana nuna masa manyan masana sun taɓa yarda da abu bisa hujjar da suke da ita, sannan sabuwar hujja ta zo suka sauya. Wannan darasi yana da wuyar koyarwa a allo, ga shi kuma a nan ya zo a cikin labari mai daɗi.

Amma ko da babu wannan, akwai abin da ke cikin littattafan da bai tsufa ba, kuma shi ne ainihin dalilin da nake ba iyaye shawarar su. Jaruman ba su da tsafi, ba su da wani iko da aka haife su da shi wanda zai fitar da su daga matsala. Yara ne da suka iya lissafi, suka iya gyara, suka iya haƙuri.

Ki ɗauki Have Space Suit—Will Travel na 1958, wanda a ganina shi ne mafi kyau a fara da shi a cikin na Heinlein. Kip yaro ne ɗan ƙaramin gari, yana aiki a kantin magani, yana son zuwa wata. Ya gaya wa mahaifinsa, uban bai yi masa dariya ba, bai kuma ba shi kuɗi ba, ya bar masa neman hanya. Uban ya duba abin da ake koya masa a makaranta ya ga bai taka kara ya karya ba, sai ya sa shi karatun lissafi mai zurfi da harsuna a gida. Kip ya shiga gasar tallan sabulu da fatan cin tikitin wata, bai ci ba, sai aka ba shi tsohuwar rigar 'yan sama jannati da aka gama amfani da ita. Wani marubucin zai wuce wannan wuri da jimla biyu. Heinlein ya tsaya ya nuna yaron yana gyara rigar gaɓa-gaɓa: yadda ake toshe inda iska ke zuba, yadda ake fitar da zafin jiki tunda a sarari babu iskar da za ta ɗauke shi, yadda rediyon ciki ke aiki. Can gaba, da aka sace shi aka kai shi wata, shi da wata yarinya 'yar shekara 11 mai suna Peewee suka tsere da ƙafa. Iskar da ke rigarta ta kusa ƙarewa, bakin tulun iskarsa kuma bai dace da nata ba. Dole ya yi dabarar haɗa su da hannu, yana lissafin sauran tafiya da sauran numfashi. Yaron da ya karanta wannan babi zai fahimci cewa sanin yadda abu ke aiki yana iya zama bambancin rai da mutuwa, ba tare da kowa ya yi masa wa'azi ba.

Farmer in the Sky na 1950 shi ma ina ƙaunar sa, kuma ina ganin yaron da ya san gona zai fi ɗan Amurka na yau jin daɗinsa. Duniya ta cika da mutane, abinci sai da awo, sai Bill da iyalinsa suka yi ƙaura zuwa Ganimid, mafi girman watannin Jufita. Suna isa suka tarar babu ƙasar noma, dutse ne tsagwaronsa. Sai an niƙa dutsen da inji, a kawo 'yar ƙasa mai rai daga duniya, mai ƙwayoyin halitta da tana, a cakuɗa da takin shara, a riƙa faɗaɗa ta layi-layi har ta zama gona. Marubucin ya fahimci cewa ƙasar noma abu ce mai rai, kuma wannan gaskiya ce har gobe, ko da yake Ganimid ta ainihi ƙanƙara ce da ba a noma a kanta. Littafin bai ɓoye wahala ba. Girgizar ƙasa ta lalata na'urar da ke riƙe ɗumi, mutane da yawa suka mutu da sanyi. Ƙanwar Bill, 'yar matar babansa, jikinta bai karɓi iskar wurin ba, ta yi jinya ta rasu. Na faɗa miki wannan ne domin idan yaronki mai raunin zuciya ne, ki kasance kusa lokacin da ya kai wurin.

Starman Jones na 1953 labarin ɗan ƙauye ne maraya, Max, wanda ya haddace littattafan lissafin tuƙin kumbo da wani ɗan'uwan iyayensa ya bari, amma ƙungiyar masu sana'ar ta hana shi shiga. Ya shiga kumbo da takardun bogi a matsayin mai kula da dabbobi, daga baya kuma ya fuskanci sakamakon ƙaryar. A nan akwai wani abin lura da yara ke jin daɗinsa: marubucin ya hango kumbon da ke tsallaka taurari, amma bai hango ƙaramar kwamfuta ba. Mutanen kumbon suna buɗa littattafan jadawali suna juya lambobi da hannu kafin su saka wa na'ura. A sauran littattafan za ki ga injiniyoyi suna lissafi da wata rula mai zamewa wadda aka daina amfani da ita bayan zuwan kalkuleta a shekarun 1970. Ga shi kuma a Space Cadet na 1948 yaro yana amsa kiran babansa da wayar da yake yawo da ita, shekaru da yawa kafin a ƙera wayar hannu. Heinlein ya ba da labari da bakinsa cewa shi da Virginia, matar da ya aura, sun shafe kwanaki suna lissafin hanyar kumbo a kan doguwar takarda saboda 'yan layuka kaɗan a wannan littafi. Irin girmamawar da yake yi wa yaro mai karatu ke nan.

Wanda ya fi su zurfi shi ne Citizen of the Galaxy na 1957. Ya buɗe ne a kasuwar bayi, inda wani gurgun mabaraci, Baslim, ya sayi yaro Thorby da kuɗi kaɗan, ya rene shi, ya koya masa karatu da harsuna da mutunci. Daga baya yaron ya gane cewa masu kuɗin da ke zaune lafiya a duniya suna da hannu a cinikin bayin da ake yi can nesa. Wannan ki ajiye masa sai ya kai 14 ko 15.

Andre Norton mace ce, sunanta na yanka Alice Mary Norton, ma'aikaciyar ɗakin karatu a birnin Cleveland. Ta ɗauki sunan da ba a gane na mace ba ne saboda masu buga littattafai suna ganin yara maza ba za su sayi labarin kasada daga hannun mace ba. Ita ba ta damu da bayanin inji kamar Heinlein ba. Gwanintarta tana wajen baƙuwar duniya, kangon biranen da ba a san wa ya gina su ba, da shaƙuwar mutum da dabba. Jerin labaranta na kumbon Solar Queen, wanda ya fara da Sargasso of Space a 1955, labarin ƙananan 'yan kasuwa ne masu yawo daga duniya zuwa duniya, kamar fataken da da ke bin ayari, suna neman abin da mutanen wuri ke so da abin da za su bayar, manyan kamfanoni kuma suna neman murƙushe su. Jarumin ɗan koyon kula da kaya ne. Ta kuma riƙa sa waɗanda ba Turawa ba a gaba: jarumin The Beast Master na 1959 ɗan ƙabilar Nabaho ne, daga mutanen asali na Amurka. Turancinta ya ɗan fi nauyi, amma yaran da ba su son dogon bayanin inji sun fi kamuwa da ita.

Na Asimov labaran bincike ne, a gano wa ya yi laifi da yadda ya yi, suna da sauƙin karantawa kuma gajeru ne. Islands in the Sky na Clarke, 1952, ya fi kowanne tsayawa a kan kimiyyar da ba ta rushe ba, domin a tashar da ke kewaya duniya labarin ya faru. Yaro ya ci gasar kacici-kacici a talabijin, ya zaɓi a kai shi tashar, ya koyi yadda ake ci da barci da tafiya inda jiki ba shi da nauyi. Clarke ne tun 1945 ya bayyana yadda tauraron ɗan'adam da ke nisan kusan kilomita 36,000 zai riƙa kewayawa daidai da juyin duniya har a yi sadarwa da shi, wato tsarin da tasoshin talabijin na dish ke aiki da shi yau. Labarin ba shi da zafi sosai, amma abin da yaro zai koya a ciki ingantacce ne.

Sai abin da za ki kiyaye, kuma a nan nake so ki fi mai da hankali fiye da batun teku a Zara.

Na farko, waɗannan littattafai 'ya'yan Amurka ce ta shekarun 1950, kuma suna kallon sararin samaniya yadda Amurkawa ke kallon tarihinsu: fili ne da za a je a kama a zauna. Farmer in the Sky kwaikwayon mamaye yammacin Amurka ne, har kumbon da ya kwashe su sunansa Mayflower, sunan jirgin ruwan da ya kai Turawan Ingila can a 1620, sai dai a labarin an cire mutanen da aka tarar a ƙasar. Mu da aka yi wa mulkin mallaka mun san labarin ta ɗaya gefen. Ba na cewa a hana yaro karantawa saboda haka. Ki tambaye shi kawai: da a ce akwai masu wurin, yaya za su ba da wannan labari? Adalci kuma ya sa in ce Heinlein ba koyaushe yake goyon bayan mai mamaya ba. A Space Cadet, ɗan kasuwar da ya ci zarafin mutanen Zara don ma'adinansu shi ne mugun labarin, a Red Planet kuma mutanen Mars sun fi 'yan'adam ƙarfi da wayewa, da izininsu ake zaune.

Na biyu, bindiga. Heinlein yana da ra'ayin cewa riƙe makami haƙƙin kowane ɗan ƙasa ne, yana kuma cusa wannan a bakin manyan da yara ke girmamawa a labarin. Editarsa a Scribner, Alice Dalgliesh, ta yi ta fama da shi a kan haka, har ta sa aka sauya wurare a Red Planet. Sai a 1990, bayan rasuwarsa, aka buga shi yadda ya rubuta. Rabuwarsu ta zo ne a 1959 da maɗaba'ar ta ƙi karɓar Starship Troopers, littafin yaƙi da falsafar soja. Wannan ba na yara ba ne, ko da kin gan shi a jere da sauran. Haka yawancin abin da ya rubuta daga 1961 zuwa gaba, irin su Stranger in a Strange Land, na manya ne, cike da batun jima'i da sukar addini. Sunan marubuci ɗaya ne, don haka ki duba shekarar da aka fara buga littafi a shafin ciki. Daga 1947 zuwa 1958 ne iyakar da na ba ki.

Ko a cikin iyakar akwai guda da zan ja hankalinki a kai, Time for the Stars na 1956. Yana bayyana wani abu na gaskiya daga nazarin Einstein: wanda ya yi tafiya da gudun da ya kusa na haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa, lokaci yana tafiya masa a hankali fiye da wanda ya zauna. Tagwaye ne, ɗaya ya tafi, ɗaya ya zauna, matafiyin ya dawo yana saurayi ya tarar ɗan'uwansa tsoho tukuf. Ban san wani labari da ya fi shi sa yaro ya ji wannan a jikinsa ba. Amma a ƙarshe matafiyin ya auri tattaɓa-kunnen ɗan'uwan nasa, auren da shari'a ta haramta. Idan za ki ba shi, ku yi maganar a fili. Sadarwar zuci da tagwayen ke yi kuma ƙirƙira ce, ba ta da tushe a kimiyya.

Game da addini gaba ɗaya, yawancinsu ba su zage shi ba, ba su kuma ambace shi sosai ba. Duniya ce da mutum ke dogara da iliminsa da hannunsa. Yaron da ke da tarbiyyar gida da ta Islamiyya zai iya karanta su ya ɗauki himma da ƙwazo, ke kuma ki cike masa abin da suka bari. A Wrinkle in Time na Madeleine L'Engle, wanda ya fito a 1962 ya ci lambar yabo ta Newbery, ta littattafan yara a Amurka, a 1963, daban yake: yana ɗauke da tunanin Kiristanci a fili har da ayoyin Baibul. Littafi ne mai kyau, jarumarsa yarinya ce mai kaifin lissafi da ke neman mahaifinta, amma gara ki san abin da ke ciki kafin ki miƙa.

Batun mata kuwa, idan yana da ƙanne mata da za su gaji littattafan, jaruman kusan duk maza ne. Akwai mata masu ƙarfi a gefe, kamar Peewee, da kaka injiniya da uwa likita a The Rolling Stones na 1952, da Caroline, yarinya 'yar ƙabilar Zulu a Tunnel in the Sky na 1955, wadda ta fi yawancin mazan jarumta. Sai dai su ba su ne ke riƙe da labarin ba.

Kafin duk waɗannan, ki nemo masa Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya buga a 1969, shekarar da aka taka wata. Labarin yaro ne mai suna Kilba da wani baƙo daga sama ya ɗauka ya zaga da shi. Gajere ne, da Hausa yake, zai gama shi ba tare da ƙamus ba, kuma zai ga cewa yaro irinsa ma an taɓa sa shi a kumbo a cikin harshensa. Ina jin takaicin yadda wannan hanya da Dembo ya buɗe ba ta sami masu bi da yawa ba, har yara da dama ba su ma san da littafin ba.

Bayan shi sai na Clarke ko ɗaya daga na Asimov, saboda sauƙin Turancinsu, sannan Have Space Suit—Will Travel, sannan Farmer in the Sky da na Norton. Turancin na shekarun 1950 ne, akwai karin maganar Amurkawa da ko ƙamus ba zai warware masa ba, kuma ma'aunin mil da ƙafa da fam suke amfani da shi. Kada ki sa shi tsayawa a kan kowace kalma, hakan na kashe daɗin labari. Ya ja layi da fensir ya wuce, in ya gama babi ku duba guda biyar ko shida tare. Idan kina da hali ki karanta masa babin farko da baki, domin shiga labari ita ce mai wuya, in ya shiga shi zai riƙa ɓuya da littafin. Ki ba shi ƙaramin littafin rubutu ya raba shafi biyu, gefe ɗaya abin da labari ya ce game da wata duniya, ɗaya gefen abin da ya gano a littafin makaranta ko a shafin NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka.

Wajen saye, ki buɗa ki tabbata shafukan ƙarshe suna nan, domin tsofaffin bugu masu bango mai laushi suna yawan zubar da su. Littattafan Verne da na H. G. Wells, da waɗansu na Norton kamar Plague Ship, suna nan kyauta bisa ƙa'ida a shafin Project Gutenberg, za ki iya sauke su a waya. Na Heinlein da Asimov da Clarke har yanzu suna ƙarƙashin haƙƙin mallaka, don haka na hannun mai gwanjon nan su ne hanya mafi sauƙi. Ki fara da biyu ko uku. Idan ya yi babi huɗu littafi bai kama shi ba, kada ki matsa masa, ki karɓa ki ba shi na wani marubucin, ki sake gwada wancan bayan shekara guda.